Hanyar Alhaji Sale a Gonar Malam Idi

Marka ta kama bana kamar ba za ta saki ba. Nan Ƙanƙara inda nake aure, wankina ya yi kwanaki a igiya har ya fara tsami, iccen da na saya kuma hayaƙi kawai yake yi. Warin nan na jiƙaƙƙen zane da hayaƙin ɗanyen icce, in ya shiga hancina ba inda yake kai ni sai damanar da aka yanka hanya ta tsakiyar gonar Babanmu, aka kuma laƙa mata sunan maƙwabcinmu.

Ni ban iya ɓoye abu ba. Tun ina firamare nake jin haushin sunan nan, masu ba ni haƙuri kuma sun ba ni har sun gaji.

Ƙauyenmu yana ƙasar Faskari, can ciki, sai ka bar kwalta ka yi tafiya mai ɗan dama. Da can hanyarmu ɗaya ce. Tana fita ta bayan masallaci, ta bi gindin dutse, ta gangara rafi, ta haye wani tsohon kwalbati, sannan ta hau kwalta. Hanyar Rafi ake ce mata. Ba sunan uban kowa a kanta, ba wanda ya taɓa jin zafinta. Ta nan 'yan acaba ke shigo da gishiri da kananzir da hatsi daga kasuwar Ƙanƙara, ta nan kuma ake fita da mara lafiya.

Shekarar da ta gabaci wadda nake magana a kai, ruwa ya ɗauke lokacin da dawa ke da ciki. Zangarniya ta fito, ka murza a hannu ba komai sai ƙaiƙayi. Abin da Babanmu, Malam Idi, ya zuba a rumbu, ko ni da nake yarinya na san ba zai kai mu ba, don ni ake zurawa ciki ɗebo dawa, kuma tun ba a je ko'ina ba ƙafata ta fara taɓa ƙasan rumbun. Bazara ta zo da zafin da ko tabarma ba ta kwantuwa. Inna ta rage awo daga kwano zuwa rabi. Aka kai akuyarta kasuwa, daga baya tunkiya ta bi ta. Abu ɗaya Baba ya hana a taɓa, ɗaurin irin da ya rataye a madafa inda hayaƙi ke dukansa. Inna takan ɗaga kai ta kalle shi, ta mayar da ido kan tukunya.

Sai damina ta sauka da kyau, kamar tana ba da haƙuri. Muka yi shuka, aka yi noman farko, aka yi maimai. Dawarmu ta tashi shar har tana baƙi-baƙi. Wanda bai taɓa yunwar damina ba ba zai gane ba. Ga abinci nan duk inda ka duba, ya fi ka tsawo, amma ba ya ciwuwa. Da safe koko ne, tsararo, ba suga, kana hango gindin kwano ta cikinsa. In hantsi ya yi mu ɗauki kwando mu bi bayan gari tsinkar tafasa da rama. Inna ta dafa, ta matse, ta barbaɗa ƙuli in akwai, in babu gishiri kawai. Da yamma ake ɗora tukunyar gaskiya, ita ma fate ne, ganye ya fi gari yawa. Bakina kullum ɗaci-ɗaci. Cikina ya riƙa kuka a aji, har na koyi yin tari daidai lokacin don kada a ji.

Maƙwabcinmu Alhaji Sale bai san wannan rayuwar ba. Ban da gonarsa ta tudu yana da wata a fadama wadda fari bai taɓa ba, kuma mutum ne mai sayen hatsi da kaka ya ajiye. Katanga ɗaya ta raba mu. Safe da yamma muna jin dakan gidansu, in an jima ƙamshin daddawa ya tsallako ba sallama. 'Yarsa Bilki benci ɗaya muke zama a makaranta. Tana da jan takalmin roba, tana zuwa da ɗumame a ɗan kwano, kumatunta har sheƙi suke. A lokacin ba ta taɓa yi min komai ba. Ni dai in na kalle ta sai in kau da kai don haushi.

Da marka ta kama, ruwa ya yi ta zuba ba tsawa ba iska, yau da gobe da jibi, rana ko leƙowa ba ta yi. Katangu suka sha ruwa suka fara zubewa. Ɗakin Inna na yoyo, muka jera kwanoni a ƙasa. Ashana ta yi sanyi ta ƙi kamawa, sai a aike ni ɗebo wuta a kasko, in rufe da faifai in rugo a guje. Wata safiya aka wayi gari rafi ya tafi da kwalbatin ɗungurungum, ya bar rami, jan ruwa na juyawa a ciki. Babur ya daina shigowa. Ranar kasuwa maza suka riƙa tuɓe riguna su ɗora a ka su ratsa ruwa, su dawo da ɗan abin da wuya zai iya ɗauka. Gishiri ya yanke. Ana cikin haka naƙuda ta zo wa wata matar unguwarmu da gardama. Aka ciro ƙyauren ɗaki aka ɗora ta a kai, aka ratsa da ita ruwan nan har ƙirji. Ita ta rayu, ɗan bai zo da rai ba.

Washegari Baba bai je gona ba. Ya ɗauki sanda ya bi tudu ta gabas, ya wuni yana tafiya cikin yayyafi, ya dawo da labarin cewa in aka bi ta can za a tarar da kwalta ba tare da an taɓa rafi ba. Sai dai miƙaƙƙen layin ta cikin gonar Alhaji Sale ta tudu ya ratsa. Bayan la'asar ya kai maganar ƙofar masallaci. Yadda muka ji, Alhaji Sale ya ce shi dai a bar masa dawarsa, amma in an tashi aiki abincin gayya a wuyansa, ko kwana nawa za a yi. Kowa ya sunkuyar da kai yana tunanin tasa gonar. Baba, da yake shi ya kawo maganar kuma mutum ne mai zuciya, ya ce to a karkato a bi ta tasa. Shi ya sa duk wanda ya san hanyar ya san wata kwana a cikinta, inda za ka taho a miƙe sai ka ga an kauce hagu, an yi baka, an dawo kan layi. Wannan bakan gonarmu ce.

Inna na tankaɗe ya shigo ya faɗa mata. Ta ajiye rariya.

"Malam, dawar da muke kwana muke tashi da ita? Ita za ka sare?"

"Kunyoyi kaɗan ne."

"Ai kaɗan ɗin muke jira."

Ya ɗauki adda ya fita zaure.

Ga inda aka cuce mu, kuma ba wanda ya yi da gangan, abin da ya fi ci min rai ke nan. A wajenmu gayya da sunan tukunya ake kiranta. Gidan da zai ciyar da mutane shi ne mai gayya, ko a gonar wa za a yi aikin. Rumbunmu kuwa ko ɓera ya ƙaura daga cikinsa. Da magariba mai shela ya zaga gari yana cewa ana gaishe ku, gobe da safe gayyar Alhaji Sale, kowa shi fito da abin aikinshi. Ina tsaye a bakin zaure. Na ga Baba ya ɗaga kai, ya saurara har muryar ta yi nisa, sannan ya ci gaba da wasa addarsa a dutse.

Da hannunsa ya sare karan farko. Dawar ta wuce kafaɗarsa, ta fara ciki, in an sara sai ruwa ya tsarto, wani ɗanyen ƙamshi ya tashi. Maza suka bi bayansa da adduna, wasu na baje kunyoyi da fartanya. Ganyen da aka tara, ko dabbar da za ta ci ba mu da ita. Shanun Alhaji Sale ne suka yi kwanaki suna biki da shi. Daga nan aka koma gindin dutse haƙar marmara, jar tsakuwar nan da ruwa ba ya kwaɓawa. Masu diga na haƙa, amalanke na ja, mu 'yan mata muna ɗauka a kwanoni. Yayyafi na dukanmu, gammo ya jiƙe, jan ruwa na gangaro min ta wuya, cin ruwa ya tsattsaga min tsakanin yatsun ƙafa. Baba yana cikin laka har gwiwa, shi ke nuna inda za a zuba, shi ke daɓewa. Alhaji Sale yakan zo da hantsi riƙe da lema, ya tsaya a inda ba laka ya ce sannunku da aiki. Makaɗi kuwa ya san inda tuwonsa yake. Ganga na tashi, Alhaji Sale mai gayya, Alhaji Sale mai hanya. Sunan Baba bai taɓa shiga bakin gangar nan ba.

Tuwon ma Inna ce ta tuƙa shi, ita da matan unguwa, a gidan Alhaji, da dawar Alhaji. Ba zan yi ƙarya ba, ban sake cin tuwo irinsa ba. Miyar kuka ce ta ji daddawa, man shanu na yawo a kai. Na ci har numfashi ya yi min wuya. Bilki aka ba ludayin yara, tana tsaye da busassun kaya da jan takalminta.

"Rabi, a ƙara miki? Baba ya ce ku ci ku ƙoshi, tunda gidanku babu."

Da zuciya ɗaya ta faɗa. Na so in kifa mata miyar a ƙafa. Na miƙa kwano ta ƙara min.

Ranar da babur na farko ya shigo da buhun masara a baya, mata suka yi guɗa ta kan katanga. Da farko cewa ake hanyar gayyar Alhaji Sale. 'Yan acaba ba su da lokacin dogon suna, suka yar da gayyar a hanya. Kafin mu ci tumu ta zama Hanyar Alhaji Sale, Hanyar Rafi kuma ciyawa ta rufe ta. Kaka ta yi kyau, kowa ya cika rumbu, namu da saura. Hanya kuwa ba ta zama inda aka ajiye ta. In ruwa ya kwanta a tsakiya, mai babur ya kauce ta cikin kunya. Motar ɗaukar hatsi ta zo ta take wata. Shanu in za su wuce su miƙa wuya su ɗanɗana. Kowace shekara sai ta ƙara cin gonar, Baba ya ja da baya.

Da na shiga sakandare a Ƙanƙara, duk hutu sai na yi rigima a tasha. In ce a kai ni hanyar gonar Malam Idi, ɗan acaba ya tsaya yana kallona kamar na yi masa yare. In kwatanta, in kwatanta, sai ya ce au, Hanyar Alhaji Sale kike nufi, ai sai ki faɗa. Bilki kuma makaranta ɗaya muka sake haɗuwa. In 'yan Mairuwa ko 'yan Daudawa suka tambaye ta garinsu, sai ta ce in kun zo ku ce a kawo ku hanyar Babanmu. Ina gefe ina wankin kwano ina ji. Ranar bikina ma da wannan sunan aka yi wa motocin ɗaukar amarya kwatance, na fita daga gidan ubana ta cikin gonar ubana a kan hanyar wani. Abu ɗaya na lura da shi tun ina ƙarama. Baba bai taɓa furta sunan ba. In zai yi kwatance sai ya ce ku biyo ta gona.

Da ranin da ya wuce labari ya zo cewa ƙaramar hukuma za ta gyara hanyar, saboda wannan fitina ta daji, motocin jami'an tsaro na buƙatar wurin shiga. Aka ce har allo za a kafa a bakin kwalta. Ina ji na yafa mayafi na hau babur, ban ko tsaya gida ba sai ƙofar mai unguwa. Na durƙusa na gaishe shi, na zazzage masa abin da ke cikina. Ya bar ni har na gama.

"Ɗiyar Malam Idi, ke dai da bakinki. Wa ya ce ba gonar ubanki ba ce? Amma sunan nan ba ni na raɗa ba, bakin mutane ne."

"Baba Mai Unguwa, allo ai ba bakin mutane ba ne, fenti ne. Abin da aka ce ma mai fenti shi zai rubuta."

Ya yi dariya har da tari. Ya ce magana irin wannan ba a karɓarta daga ɗiya uba na raye. In Malam Idi ya zo da ƙafarsa ya nema, zai tara dattawa bayan sallar Juma'a a duba.

Na tarar da Baba a zaure yana gyaran ƙotar fartanya. Ya tsufa, idonsa ɗaya ya fara hazo. Na faɗa masa. Ya ce namiji ba ya roƙon suna, wanda aka yi aikin dominsa ya gani. Na ce na yarda, amma in har bai dame shi ba, mi ya sa shekara da shekaru bai taɓa kiran hanyar da sunanta ba? Ya ci gaba da juya ƙota. Inna daga tsakar gida ta ce faɗa mashi dai, ni na gaji. Da zan tafi na ji yana ce wa Inna ta fito masa da farar rigarsa a wanke kafin Juma'a. Na koma Ƙanƙara ina murmushi ni kaɗai a bayan babur.

Juma'ar ba ta zo ba masu awo suka riga ta. Suka kafa na'urarsu mai ƙafa uku, suka leƙa, suka ce wannan kwanar ba ta da dalili. Suka jera turaku masu jan ƙyalle a miƙe, ta tsakiyar gonar Alhaji Sale, daidai layin da Baba ya nuna da sanda tun farko. Katafila ta bi turakun ta wuce, ko kallon gonarmu ba ta yi ba. Alhaji Sale ya yi ta faɗa an ci masa gona, gari ya ɗunguma yi masa jaje, hukuma kuma ta biya shi diyya. Mu da aka ci tamu shekara da shekaru ko sannu ba mu samu ba. To yanzu me Baba zai je ya nema? Ƙasar ta Alhaji, sunan na Alhaji. Farar rigar aka ninke aka mayar akwati. Aka kafa allo. Bilki ta taho daga gidan mijinta ta tsaya a ƙarƙashinsa ta ɗauki hoto, ta ɗora a waya, ta rubuta hanyar Babanmu. Na kalla na rufe, na sake buɗewa na kalla, har mijina ya tambaye ni ko wani ne ya rasu.

Na lallashi kaina da cewa aƙalla bakan nan ya dawo hannunmu. Ƙasarmu ce, ba hanyar kowa ba.

Makon jiya ruwa ya ɗan tsagaita na je gida. Inna ta ce Baba na gona, wai zai gwada wake a wurin. Na same shi ya ɗauko mai shanun huɗa, suna fama. Garma ta ƙi shiga. Sai ta yi ƙara ta yi tsalle, shanu su tsaya suna huci. Marmarar da ya daɓe da ƙafarsa ce, tayoyi suka ƙara daɓe ta, ta koma kamar daɓen ɗaki. Ga kuma sawun babura sababbi a kai, don sabuwar hanyar akwai inda marka ta kwaɓa ta yi santsi, 'yan acaba sun koma kaucewa ta tamu.

Muna tsaye wani ya taho da buhun taki a baya, wayarsa na ƙara. Ya taka birki kusa da mu, ko sallama bai yi ba, ya kara a kunne.

"Ga ni nan tafe. A'a, ba ta sabuwar na biyo ba. Ina tsohuwar hanyar Alhaji Sale, nan wajen gonar wani tsoho."

Ya mayar da waya aljihu ya wuce.

Na kalli Baba. Kunnensa lafiya lau yake, ya ji. Ya bi babur ɗin da ido har ya sha kwana. Sannan ya ce wa mai shanu ya kwance, aikin ya isa haka, Allah ya yi albarka. Ya ɗauki gatari ya nufi wata farar ƙaya da ke kan iyaka, ya hau sara. Na ɗaure mayafi a ƙugu na bi shi. Yana sarowa ina ja, muka toshe bakin tsohuwar hanyar da ke wajen gari, muka koma na wajen kwalta. Yayyafi ya dawo, ba wanda ya kula.

"Baba, ka san dai ba abin da zai fito a wurin nan."

"Na sani."

"To don mi?"

"In ba a bin ta, ba a kiran ta."

Ƙaya ta yayyage min hannu, jini na haɗuwa da ruwan sama yana bin yatsuna. Na ja da baya na duba shingen, na ga ta gefe akwai ɗan wurin da babur zai iya kutsawa. Na ce ya saro wata, wannan ba ta isa ba.